Ritayar Momoe Yamaguchi ba doka ba ce

A Japan, idan wata jaruma ko mawaƙiya ta sanar da cewa za ta yi aure, da wuya a tashi daga hirar ba a ambaci Momoe Yamaguchi ba. Ita ce yarinyar da ta riƙe rediyo da talabijin da silima na ƙasar a shekarun 1970, sannan a 1980, tana da shekara 21, kasuwarta na tsakiyar ci, ta ce ta gama. Ta yi aure, ta shiga ɗaki, kuma yau sama da shekara 40 ke nan ba ta sake hawa dandamali ba, ba ta sake fitowa a fim ba. Mutane da yawa sun mayar da ita ma'auni: ga yadda mace ta gari take yi, idan miji ya zo sai a tattara a bar wa yara fili. Ni ma ina cikin masu ganin girmanta, sai dai ba don wannan dalilin ba. A ganina, masu ɗaukar labarinta suna dukan wasu mata da shi daga ƙarshe suka fara karanta shi, ba su waiwayi farkonsa ba.

An haife ta ranar 17 ga Janairu, 1959, a Tokyo, ta tashi a Yokosuka, garin bakin teku da ke da babban sansanin sojan ruwan Amurka. Mahaifiyarta ce ta raine ta da ƙanwarta cikin rashi. Mahaifinta yana da wani iyalin, ba a ɗaura masa aure da mahaifiyarta ba, kuma a Japan ta wancan lokacin wannan ba ƙaramin tabo ba ne a kan yaro. Da ta yi suna sai ga shi ya bayyana, aka yi ta rigimar kuɗi da iko a kanta a gaban 'yan jarida. Daga baya ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta cewa ba ta ɗauke shi a matsayin uba ba. Duk wanda zai yi magana a kan dalilin da ya sa wannan yarinyar ta ƙwallafa rai a kan gida mai kwanciyar hankali, ya fara tunawa da irin gidan da ta fito.

A Disamban 1972, tana da shekara 13, ta kai zagayen ƙarshe na wata gasar neman sababbin taurari da gidan talabijin na Nippon yake yi, mai suna Star Tanjo. Tsarin zagayen ƙarshen abin kallo ne. Yarinya za ta rera waƙarta, ta tsaya a dandamali, a gabanta kuma wakilan kamfanonin faifai da na kula da 'yan wasa suna zaune, kowanne riƙe da allo mai sunan kamfaninsa. Wanda yake so sai ya ɗaga allo, kamar ana gwanjo. Wanda ba a ɗaga masa ko ɗaya ba, ya koma gida a gaban idon ƙasa baki ɗaya. Momoe kamfanoni kusan 20 suka ɗaga mata. Ta faɗa hannun Horipro, faifanta kuma suka riƙa fitowa a CBS/Sony daga 1973. Aka haɗa ta da wasu sa'anninta biyu, Masako Mori da Junko Sakurada, ana tallar su a matsayin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.

Waƙarta ta farko ba ta yi wani tasiri ba. Sai manyan da ke bayanta suka sauya salo. Suka shiga rubuta wa yarinya mai shekara 14 da 15 waƙoƙi masu harshen damo, waɗanda a cikinsu budurwa take nuna wa saurayi cewa a shirye take ta ba shi duk abin da yake so. Tana tsaye da fuskar da ba murmushi, tana rera kalmomin da maza magidanta suka tsara, kuma wannan saɓanin tsakanin fuskar da kalmomin shi ne hajar. Faifai ya sayu. 'Yan jarida, su ma manya da hankalinsu, suka riƙa tsare ta da tambayar me take nufi da baitin kaza, don su ga ko za ta ji kunya. Wannan ɓangaren masu yabon ritayarta ba sa son a tsaya a kansa. Masana'antar da ta yi mata tafi ranar da ta tafi gidan miji, ita ce dai ta sayar da ƙuruciyarta ta wannan hanyar tun ba ta gama makaranta ba.

Abin da ya burge ni a tarihinta ya faru ne a 1976. Tana da shekara 17, ita da kanta ta nemi a ba ta wasu marubuta daban, mata da miji, Yoko Aki mai rubuta baiti da Ryudo Uzaki mai tsara kiɗa. Waƙar farko da ta yi fice daga wannan haɗin tana ɗauke da sunan garinsu, Yokosuka, kuma ta hau saman jadawalin ciniki. Daga nan muryar ta sauya. Matar da ke cikin waƙoƙin ta daina roƙo, ta koma mai iya juya wa namiji baya, mai ce masa ya isa haka. A ƙarshen 1978, a babban bikin waƙa na daren sabuwar shekara da gidan NHK yake yi, ita aka ba rufe ɓangaren mata, matsayin da aka saba ajiye wa manyan da suka daɗe, alhali tana da shekara 19. Wato tun kafin maganar aure ta taso, yarinyar ta riga ta fara ƙwace linzamin aikinta daga hannun masu allo.

A ɓangaren fim kuwa, tun 1974 aka haɗa ta da Tomokazu Miura, wanda ya girme ta da shekara 7. A tallar kamfanin alewa na Glico suka fara haɗuwa, sai fim ɗin Izu no Odoriko, wanda aka ɗauko daga labarin marubuci Yasunari Kawabata. Sun yi fina-finai fiye da 10 tare, ban da wasannin talabijin. Ɗaya daga cikin wasannin, wanda ta fito a matsayin yarinya mai cutar sankarar jini, da aka nuna shi a ƙasar Sin a 1984 sai da ya mayar da ita sananniya a can ma, a lokacin da ita kanta ta riga ta bar sana'ar.

A Oktoban 1979, a tsakiyar wani wasa a Osaka, ta faɗa wa masu kallo da bakinta cewa Miura take so. Ba mujalla ce ta bankaɗo ba, ba kamfani ne ya fitar da takarda ba. A Maris na 1980 suka sanar da baiko, ita kuma ta ƙara da cewa za ta bar aiki gaba ɗaya. Ranar 5 ga Oktoba ta yi wasan bankwana a zauren Budokan na Tokyo. Ta rera waƙar ƙarshe cikin farar riga tana hawaye, ta gode wa jama'a da suka yafe mata wannan son kai nata, ta ce za ta je ta yi zaman farin ciki. Ta sunkuya ta daɗe, sannan ta ajiye farin makirufo a tsakiyar dandamali, ta juya ta fita. Ranar 19 ga Nuwamba aka ɗaura aure.

Ku lura da abin da ta nemi afuwa a kansa. Ba ta ce al'ada ta tilasta mata ba, ba ta ce miji ya gindaya mata sharaɗi ba. Ta ce son ranta ne, kuma a littafinta da ya fito a shekarar ta nuna cewa ita ta yanke shawarar. Wanda ya fi kowa asara a ranar shi ne kamfanin da ke cin riba da ita. Don haka idan za a kira abin da ta yi biyayya, sai a faɗa mana wa ta yi wa.

Banbancin yana da muhimmanci domin a Japan ta wancan zamanin barin aiki saboda aure ba zaɓi ba ne ga yawancin mata. Akwai kamfanonin da tun ranar ɗaukar mace aiki suke sa ta sa hannu cewa za ta tafi idan ta yi aure. Wata ma'aikaciyar kamfanin siminti na Sumitomo, wadda aka sa ta rattaba hannu cewa za ta bar aiki idan ta yi aure ko ta kai shekara 35, ta kai ƙara da aka sallame ta, kuma a 1966 kotun gundumar Tokyo ta ce wannan sharaɗin bai halatta ba. Duk da haka al'adar ta ci gaba a aikace, da matsin lamba da kallon banza a ofis, kuma sai a 1985 majalisa ta yi dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata. Ma'aikaciyar simintin da Momoe duk aure ne ya zo musu da maganar barin aiki. Ɗaya kora aka yi mata, ɗayar kuma roƙonta ake yi ta zauna ta ƙi. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya ya ce ai duk mata ne suka koma gida, bai yi wa ko ɗayarsu adalci ba.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya gefen, kuma tun a lokacin sun yi magana. Suna cewa mace mafi tasiri a idon 'yan matan ƙasar ta koya musu cewa komai nisan da kika yi, ƙarshenki kicin. Ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba. Hoton da ta bari yana da ƙarfi, kuma an yi amfani da shi. Ni kaina ina ganin silima ta yi asara. Mai shekara 21 ba ta ma fara ba. Fim ɗinta na ƙarshe Kon Ichikawa ne ya ba da umarninsa, ɗaya daga cikin manyan daraktocin ƙasar, kuma kowa zai so ya ga irin jarumar da za ta zama a shekara 35 ko 50. Amma wannan asarar tamu ce, mu masu kallo, ba bashi ba ne da muke bin ta. Yarinyar da ta fara ciyar da gidansu tun tana shekara 14, wadda ba ta san tafiya makaranta ba a bi ta da kyamara ba, idan ta ce ta gaji, ba na jin akwai wanda ya isa ya ce mata ta zauna don ta zama tuta ga wata fafutuka. Masu cewa dole ta tafi da masu cewa dole ta zauna, duk suna ɗaukar ta a matsayin kayan jama'a.

Inda abin ya ɓaci shi ne yadda aka riƙa auna na bayanta da ita. Seiko Matsuda ta fito da faifanta na farko a Afrilun 1980, a kamfanin faifai ɗaya da Momoe, wato tun kafin wasan bankwana an riga an samu magajiya (masana'anta ba ta zaman makoki). Seiko ta jera waƙoƙi 24 a jere kowacce ta hau lamba ta ɗaya. Ta yi aure a 1985, ta haihu a 1986, ta dawo aiki. Mujallun mako-mako suka sa ta gaba shekara da shekaru, a kan tarbiyyar 'yarta, a kan tafiyarta Amurka neman kasuwa, a kan aurenta, kuma sunan Momoe yana nan a gefe a matsayin abin kwatance. A 1987 mawaƙiya Agnes Chan, haifaffiyar Hong Kong, ta je gidan talabijin aiki da jaririnta, abin ya zama muhawarar ƙasa har cikin shekarar da ta biyo baya. Shi kuwa Miura, mijin Momoe, ya ci gaba da fim har yau, ya haifi 'ya'ya biyu maza da su ma suka shiga waƙa da fim, kuma ban ji inda aka taɓa tambayarsa yadda yake haɗa aiki da gida ba.

Daga baya ma sai abin ya juye ta wata fuskar da ta fi muni. Ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙa da ake kira aidoru suka yawaita, kuma abin da ake sayarwa ya tashi daga murya ya koma mafarki: kowane mai sayen faifai ya ji kamar yarinyar tasa ce. Don kada mafarkin ya fashe sai aka hana su soyayya. A ƙarshen Janairun 2013 wata mujalla ta buga cewa Minami Minegishi ta ƙungiyar AKB48, mai shekara 20, ta kwana a gidan wani saurayi. Ba a daɗe ba sai ga bidiyo a shafin ƙungiyar na YouTube: tana zaune ita kaɗai gaban kyamara, ta aske kanta ƙwal, tana kuka tana neman gafarar masoya, tana cewa ita ta yanke shawarar askin da kanta. A Japan aske kai tsohuwar hanyar nuna nadama ce, amma ganin haka a kan budurwa baliga da ba ta karya dokar ƙasa ba ya girgiza mutane har a wajen ƙasar. Aka rage mata matsayi zuwa 'yar koyo. Saurayin, shi ma ɗan wata ƙungiyar mawaƙa ne, bai aske ko gashi ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka tarbiyya ake karewa a nan. Da tarbiyya ce, da ba a sa 'yan matan nan suna ɗaukar hoto da kayan wanka ana sayarwa ba, da kuma ba a cusa tikitin musabaha da su a cikin faifai don mutum ɗaya ya sayi kwafi da yawa ba. Haja ake karewa. Har kotu maganar ta kai. A Satumban 2015 kotun gundumar Tokyo ta umarci wata yarinya mai shekara 17 ta biya kamfaninta kuɗin Japan yen 650,000 saboda ta karya sharaɗin hana soyayya. Bayan wata huɗu, a Janairun 2016, wani alƙalin na kotun ya yi watsi da ƙarar wani kamfanin da ke neman kusan yen miliyan 10 daga wata mai shekara 23, ya ce mu'amala da wanda mutum yake so tana cikin 'yancin neman farin ciki da tsarin mulki ya ba shi. Kotu ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna, alama ce ta cewa ƙasar kanta ba ta gama yanke shawara ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mun saba da jarumar da tauraronta ke haskawa, sai a ji an sa rana, ta yi sallama da Kannywood, jama'a su yi ta sa albarka. Idan zaman ya yi daɗi, madalla, babu mai ƙin wannan. Idan kuma auren ya mutu ta dawo neman abinci a sana'ar da ta iya, sai bakin da ya sa albarka ya koma cewa dama 'yan fim ba sa zaman aure. Abokin aikinta namiji kuwa ya yi ta fari, ya ƙara ta biyu, kuma gobe da safe yana wurin ɗaukar fim. Ba ina cewa Japan da ƙasar Hausa ɗaya ba ne; dalilanmu na addini da na al'ada daban suke, kuma ma'aurata suna da ikon shirya zamansu yadda suka yarda a tsakaninsu. Tambayar da nake so a yi ita ce wadda ba a cika yi ba ranar biki: da me ta tafi? Fina-finan da ta yi shekara biyar ko goma tana yi, waɗanda ake ci gaba da haskawa a tashoshi da YouTube, akwai ko sisi da ke shigo mata daga cikinsu, ko kuwa sallamar da aka yi mata ranar ɗauka ita ce ke nan?

Domin abin da ya sa ritayar Momoe ta ɗore ba kyawun hali kaɗai ba ne. Ta tafi da abin hannunta. Littafinta ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, faifanta ba su daina sayuwa ba, kuma a 2020 aka zuba waƙoƙinta a manhajojin sauraro na intanet, sabbin yara suka same su. Mijinta yana da sana'a. Duk da haka ba a bar ta ta huta ba: shekaru da dama masu ɗaukar hoto suna fakon ƙofar gidanta, suna bin ta har makarantar yaranta, wato waɗanda suka yaba mata da ta zaɓi sirri su ne suka riƙa sayen mujallun da ke keta shi. Da ta tashi fitar da wani abu da sunanta a 2019, littafi ne na barguna da take ɗinkawa da haɗe-haɗen ƙyalle, kuma da sunan aurenta ta sa hannu, Momoe Miura. Ita ta zaɓi lokacin, ita ta zaɓi sunan.

Sunan ma ba kowa ke samun ikon riƙe shi ba. Rena Nonen ta zama 'yar gaban goshin ƙasar a 2013, tana da shekara 19 zuwa 20, da ta ja wasan safe na NHK mai suna Amachan, wanda shi kansa labarin yarinyar Tokyo ce da ta koma ƙauyen mahaifiyarta, sannan ta shiga harkar aidoru ta ga yadda ake murɗa 'yan mata a ciki. Ba aure ta ce za ta yi ba, ba soyayya aka kama ta da ita ba. Saɓani ta samu da kamfanin da ke kula da ita, ta so ta tsaya da ƙafarta. Da ta sake fitowa a Yulin 2016, sai ta fito da sunan Non, domin amfani da Rena Nonen a harkar wasa ya zama abin jayayya da tsohon kamfanin, alhali shi ne sunanta na yanka, wanda iyayenta suka raɗa mata. Ta shafe shekaru ba a ganin ta a wasannin manyan tashoshi masu zaman kansu. A 2019 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta Japan ta gargaɗi wani babban kamfanin, Johnny & Associates, a kan zargin matsa wa gidajen talabijin kada su gayyaci tsofaffin mawaƙansa uku da suka bar shi, abin da ya nuna cewa toshe wa mai fita hanya ba tatsuniya ba ce, kuma ba mata kaɗai yake ci ba.

Non ba ta shiga ɗaki ba, ba ta kuma koma ta ba da haƙuri ba. A 2016 ta ba da muryarta ga jarumar wani fim ɗin zane a kan rayuwar wata amarya a yankin Hiroshima lokacin yaƙin duniya na biyu, fim ɗin da ya fara a silima kaɗan sannan ya bazu ta bakin masu kallo. Ta yi waƙa, ta yi zane, ta yi talla, ta hau dandamalin wasan kwaikwayo. A 2022 ta fitar da fim mai suna Ribbon, wanda ita ta rubuta, ita ta ba da umarni, ita ta ja shi, kuma a jerin sunayen ma'aikatansa, a duk wuraren uku, Non aka rubuta.